MACIJIN KUSUGU MAI KAI BAKWAI: YADDA NA ZAƁO WA 'YA'YANA LITTATTAFAN TARIHI

Yau kam ku yi mini afuwa, ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Wata 'yar kunya ce da na taɓa sha a gaban mahaifina, da abin da na koya a dalilinta, na ga ya kamata in ba ku, ko Allah Ya sa wata uwar ko wani uban ya amfana.

Kun tuna watan Maris na 2020 da aka rufe makarantu saboda annobar korona, a watan Afrilu kuma aka kulle mu cikin gidaje a Kano. A lokacin babban ɗana yana shekara bakwai, ƙanwarsa tana biyar, Auta kuwa bai kai uku ba. Da aka buɗe makarantu wajen ƙarshen shekarar, kasuwar maigida ba ta buɗe tare da su ba. Muka zauna muka yi lissafi, kuɗin makaranta ya gagara, sai muka yanke shawarar in ci gaba da koyar da su a gida har Allah Ya kawo buɗi. Haka muka yi shekara guda cur, tabarma ce ajinmu, bangon tsakar gida ne allonmu.

Lissafi da karatun Hausa da ɗan Turanci ba su ba ni wuya ba, duk da ban wuce sakandare ba. Tarihi ne na ɗauka zai fi komai sauƙi. Ai marubuciya ce ni, tun ina 'yar makaranta da na karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino na ƙudura sai na zama mai ba da labari, kuma na zama. To mene ne tarihi in ba labari ba? Ashe nan ramin yake.

Wani dare bayan isha'i na ba su labarin Bayajida. Na faro shi daidai yadda muka ji shi: ya taso daga Bagadaza, ya sauka Borno, ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura cikin dare ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda maciji. Daga nan ne fa ciwon marubuta ya motsa. Na ga idanun yara sun fito, sai na ƙara gishiri. Na ba macijin nan kai bakwai, kowane kai yana aman wuta. Na sa Daurama ta leƙo ta taga ta hango baƙo, zuciyarta ta buga, ta kwana ba ta runtsa ba. Kai, har wasiƙa na sa ta rubuta masa.

Bayan sati biyu muka je gaida Baba Malam, mahaifina, wanda ya yi shekaru yana koyarwa a firamare kafin ya yi ritaya. Ɗana ya zauna gabansa yana ta zuba, wai zai koya wa kakansa tarihi. Baba ya saurara har aka zo kan kai na bakwai, sai ya ce, "Kai maigida, a wane littafin ka ga wannan?" Yaro ya ce, "Umma ce ta faɗa, kuma Umma ba ta ƙarya." Baba ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Da yake sunan mahaifiyarsa gare ni, ba ya kiran sunana. Ya ce, "Uwata, mai sayen littafinki ya san ƙaga shi kika yi, shi ya sa ba ki cuce shi ba. Wannan kuwa bai sani ba." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ranar ne ya shiga ɗaki ya jawo wata tsohuwar adaka, ya fito mini da littattafai da asu ya fara taɓawa. Daga ranar kuma na shiga neman abin da zan karanta wa yara a kan mutanen da, na zaga masu sayar da littattafai na Kurmi da na Sabon Gari, na yi aro, na yi kwafi. Abin da na fara ganowa shi ne, littafin tarihin zamanin da wanda aka rubuta da Hausa musamman don ɗan shekara biyar ko bakwai, samunsa sai an tona. Ba abin mamaki ba ne, tunda wajen 2009 aka cire tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a matsayin darasi mai zaman kansa, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin dawo da shi. Abin da ba a koyarwa, wa zai buga littafinsa? Dole na haɗa nawa da kaina, daga nan kaɗan daga can kaɗan.

Dabarar farko Baba ne ya ba ni. Ya ce in raba duk abin da zan faɗa wa yara gida uku, kuma in riƙa gaya musu gidan da muka shiga kafin in fara. Gida na farko tatsuniya, wadda kowa ya san ƙanzon kurege ce. Na biyu "an ce", wato labarin da kakanni suka bar mana a baki, akwai gaskiya a ciki akwai ƙari. Na uku "an gani", wato abin da aka tono a ƙasa, ko gini da yake tsaye, ko rubutun da mutanen wancan zamani suka bari da hannunsu. Na samo faifai uku na jera littattafan a kai. Har yau in na fara labari sai wani ya ce, "Umma, na wane faifai ne?"

A faifan farko na sa Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, littattafai shida da suka fito a farkon shekarun 1970, sai Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, littafi uku. Mai karatu zai ce me ya haɗa waɗannan da tarihi? Kunne suke gyarawa. Yaron da bai saba zama ya saurari labari daga farko har ƙarshe ba, ba zai saurari tarihin Masar ba. Hausar Imam kuwa, in kana karanta ta da ƙarfi ba ka tuntuɓe, kamar an auna ta da numfashin mutum. Sannan labarun da akun nan yake ba ɗan sarki ba duka ne na ƙasar Hausa ba. Imam ya ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu riga da hula. Na gaya wa yara haka, don su san labari ma fatake ne, yana tafiya daga gari zuwa gari. Amma ina jan kunnen iyaye a kan Dare Dubu da Ɗaya na Hausa. Kada sunansa ya ruɗe ku ku buɗe shi gaban yara, akwai wuraren da ko babba sai ya sunkuyar da kai.

A faifai na biyu na sa Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a 1932 da 1933, sai Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, na 1958. Waɗannan ba a karanta wa yaro su kai tsaye. Ni nake karantawa da rana, in tace, in ba su da dare da bakina. A nan muka haɗu da Barbushe, wanda aka ce yana kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, da Tsumburbura, da Bagauda da aka ce ya zama sarkin Kano a 999, da Gijimasu da aka fara ganuwa a zamaninsa, da Yaji da Wangarawa suka zo a lokacinsa, har zuwa Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Tushen yawancin wannan shi ne kundin Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda wani Bature H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Abin lura shi ne kundin ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, a ƙarshen ƙarni na 19. Ke nan tsakanin Bagauda da alƙalamin da ya rubuta labarinsa akwai kusan shekara 900. Na tambayi ɗana, in aka raɗa maka magana a kunne ka raɗa wa ƙanwarka, ta raɗa wa Auta, yaya take fitowa? Ya yi dariya, ya gane.

Bayajida ma faifai na biyu ya koma, da macijinsa mai kai ɗaya. Na zaunar da su na ce, kawuna shida da wasiƙar Daurama nawa ne, na karɓe kayana. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, kowa yana iya zuwa ya gani. Sunayen Hausa Bakwai, wato Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram, garuruwa ne na gaske. Amma shi kansa labarin, an ce ne. Kuma ko a cikinsa, ai Bayajida ya tarar da gari da sarauniya da maƙera da mutane suna Hausarsu. Wannan ya taimake ni ƙwarai, domin wasu littattafan zamanin Turawa suna da son nuna cewa duk wani abin kirki a ƙasar nan baƙo ne ya kawo shi daga gabas ko daga arewa. Duk littafin da na ji yana wannan waƙar, sai in karanta shi da taka-tsantsan.

Faifai na uku shi ya fi ba ni wahala, shi ne kuma ya fi daɗi. A nan babu littafin Hausa ko ɗaya da ya ishe ni, sai na riƙa tattaro bayani daga littattafan Turanci na sakandare da intanet, ina rubutawa a littafin rubutu mai fallaye 80 da Hausar da yara za su gane. Kuma na ƙi farawa da Masar, na fara da gida.

Labarin da na fara rubutawa na kwalekwalen Dufuna ne. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani itace a can ƙasa, kimanin mita 5. A 1994 masana daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi, ashe kwalekwale ne da aka sassaƙa daga maɗaci, tsawonsa ya haura mita 8. Da aka auna shekarunsa sai aka ga ya kai kusan 8,000. Yana cikin jiragen ruwa mafiya tsufa da aka taɓa samu a duniya, a Afirka kuwa babu wanda ya kai shi. 'Yata ta ce, "Umma, a can akwai ruwan da jirgi zai bi?" Tambayar ta kai mu Gobero a hamadar Nijar, inda a 2000 aka gano maƙabarta mai kaburbura wajen 200, tare da ƙasusuwan dorina da kada da manyan kifaye, shaidar cewa wurin da yake rairayi a yau bakin tafki ne a da.

Na biyu labarin Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna. Wani kan da aka samu daga baya har gonar doya aka kafa shi yana korar tsuntsaye, kafin ya zo hannun wani Bature Bernard Fagg a shekarun 1940, wanda ya gane darajarsa. Mutanen Nok sun yi zamani sama da shekara 2,000 da suka wuce, kuma a Taruga an sami wuraren da suke narka tama tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mu ma nan Kano, an sami burbushin narka tama a Dala wanda aka auna ya kai ƙarni na 7, wato kusan zamanin Hijira, shekaru ɗaruruwa kafin Bagauda. Na so mu kwaikwayi kawunan Nok da yumɓu, maigida ya ce shi dai ba a yi masa mutum-mutumi a gida ba. Ban ja ba, muka gina tukwane da ƙaramin kwalekwale, hotunan kuma muka kalla a waya.

Sai da muka gama da gida sannan muka ƙetare. Wata ƙawata da 'yar uwarta take aure a Amurka ta ara mini littafin The Story of the World na Susan Wise Bauer, na farko, wanda ya fito a 2001, iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida a can suna amfani da shi sosai. Turancinsa ya fi ƙarfin yarana, amma na ɗauki tsarinsa: babi gajere, a karanta da ƙarfi, a duba taswira, sannan yaro ya maimaita labarin da bakinsa. A babinsa na Afirka akwai tatsuniyoyin Anansi na mutanen Gana, yara suna ji suka ce ai wannan Gizo ne. Da taimakonsa muka je Iraƙi, inda aka fara rubutu a kan laka sama da shekara 5,000 da suka wuce. Muka kwaɓa yumɓu muka yi ta danna shi da bakin kara. Muka ji labarin Hammurabi sarkin Babila, da dokokinsa 282 da aka sassaƙa a dutse, wanda aka tono a 1901.

Masar ce ta kawo rikici. Da na ce dala, ɗana ya zaci Dutsen Dala nake nufi, sai da na nemo masa hoton dalar gyaɗa ta Kano sannan ya gane siffar. Tambaya ta biyu kuwa, Fir'aunan Annabi Musa (AS) ne ya gina ta? A da da na ce i, a wuce wurin. Yanzu kuwa na tsaya na bincika. Fir'auna ba sunan mutum ɗaya ba ne, laƙabin sarauta ne, sarakuna da yawa sun riƙe shi cikin kusan shekara 3,000. Babbar dalar Giza sarki Khufu ne ya gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali mita 146. Alƙur'ani bai ambaci sunan Fir'aunan Annabi Musa ba. Wasu masana suna hasashen Ramsis na Biyu ne, shi kuwa ya zo ne sama da shekara 1,000 bayan Khufu. Haka na gaya masa, abin da aka saukar daban, hasashen masana daban. Gumakan Misirawa kuma ban ɓoye su ba, na ce haka mutanen suka yi imani, kamar yadda na faɗa a kan Tsumburbura. Yaro mai zuwa Islamiyya bai rikice ba.

A nan zan ja kunne a kan waya. Akwai bidiyoyi barkatai masu cewa aljanu ne ko wasu halittu daga sama suka gina dalar. Alhali an tono unguwar ma'aikatan a Giza, da wuraren gasa burodinsu, da kaburburansu. A 2013 ma an sami takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, inda ya rubuta yadda suke ɗauko duwatsu a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza. Wannan faifai na uku ne tsantsa. Na kuma ƙara musu da cewa Sudan ta fi Masar yawan dala, kuma sarakunan Kush, baƙaƙen fata daga can, sun mulki Masar kusan shekara 100, tun daga Piye, sama da shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Matsalar da ta rage ita ce yaro bai san bambancin shekara 100 da 5,000 ba, duk "da can" ne a wurinsa. Sai na kwance igiyar shanya na yi mata ƙulli 16, tsakanin kowane ƙulli shekara 500. A ƙarshen can muka rataya kwalekwalen Dufuna. Wajen ƙulli na 10 rubutun Iraƙi, na 9 dalar Khufu, na 5 Nok, kusa da na 3 Hijira da maƙeran Dala, na 2 Bagauda, kusa da na 1 Rumfa. Jihadin Shehu na 1804 da shigar Turawa Kano a 1903 kuwa duk suka cunkushe a ɗan guntun da ya rage kusa da hannunmu. Ɗana ya tsaya yana kallon igiyar nan, can ya ce, "Ashe Turawa jiya-jiya suka zo." Ni kaina da na yi tarihi a sakandare ban taɓa ganin abin haka ba sai ranar.

Da aka sami sarari muka fita. Muka hau Dala, muka shiga Gidan Makama, muka bi ta Kurmi, muka taɓa abin da ya rage na ganuwa. Na lura abin da yaro ya taɓa da hannunsa ya fi zama a kansa fiye da babi goma.

To 'yar uwa, in kina son farawa, ga ɗan abin da na tsinta. Ki karanta littafin ke kaɗai tukuna kafin ki buɗe shi gaban yara. Ki gwada shafi ɗaya da ƙarfi, in harshenki yana sarƙewa, kunnensu ma zai sarƙe. Ki duba ko marubucin yana faɗin inda ya samo maganarsa. Kada ki wuce minti 15, ki tsaya tun suna so. In kin gama, ki ce su ba ki labarin, a nan za ki ji abin da ya shiga. In suka yi tambayar da ta fi ƙarfinki, ki ce bari mu duba gobe, ba abin kunya ba ne.

Yara sun daɗe da komawa makaranta, alhamdu lillahi, amma zaman bayan isha'i bai mutu ba, yanzu Auta ne da 'ya'yan maƙwabta suke cika tabarmar. Littafin rubutun nan ya cika, na shiga na uku. Idon Baba Malam ya yi rauni, don haka duk labarin da na rubuta sai na je na karanta masa da ƙarfi kafin yara su ji, in na fara zuba gishiri sai ya yi gyaran murya, in soke.

Kira na ga 'yan uwana marubuta shi ne, mun rubuta soyayya har ba ta ƙirguwa, ba kuma na ce mu daina ba, da ita muke cin abinci. Amma a cikinmu akwai masu alƙalamin da zai iya ba ɗan shekara shida labarin Dufuna da Nok da Dala cikin Hausa mai daɗi ba tare da an ƙara wa maciji kai ba. Malaman jami'a suna da ilmin, mu muke da bakin. Ina ma a haɗu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka bar mana abin karantawa, Ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu in Allah Ya kai mu.